Kujera ta Uku a Motar Hamidu

Akwai wani aibi da ya fi yawa a cikin masu hankali fiye da yadda yake a cikin wawaye, shi ne mutum ya ƙure bincike a kan abin da ya iya dubawa, ya tsallake abin da yake jin nauyin tambaya. Wawa idan ya sayi abu ido rufe ya cutu, ba mai mamaki, shi kansa ba ya daɗewa yana mamaki. Mai hankali kuwa yakan duba abu tara cikin goma, dubawa ta tsanaki, sai wahalar da ya sha a kan taran ta sa ya ɗauka ya gama. Sau da yawa na goman nan shi ne dalilin sayen tun daga farko. Abin da ya sami Hamidu na unguwar Firchin a Jega ke nan, mutumin da kasuwar albasa ta shaida ba a taɓa cutarsa a ciniki ba.

An haifi Hamidu a shekarar 1947. Shi ne ɗan fari a wurin mahaifiyarsa Kaltume, 'yar Maiyama da aure ya kawo Jega. Ta riƙe kunyar ɗan fari yadda matan zamaninta suke riƙe ta, har ma ta ɗan ƙara. Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, a ɗakinta ya tashi. Kaltume ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, kuma tun da ya yi wayo bai tuna ranar da hannunta ya taɓa jikinsa ko nasa ya taɓa nata ba. Kada a ɗauki wannan ƙiyayya. Idan ya yi zazzaɓi yana yaro ita ke dama kunun, ta ba wata ta kai, ta tsaya bayan danga tana sauraren ko ya sha. Da mahaifinsa ya rasu ta dawo gidansa da zama, aka gina mata ɗaki a ƙuryar gida. Kowace safiya yakan tsuguna a bakin ƙofar, bayan labule, ya ce, "Inna, an tashi lafiya?" Ta amsa da kalma ɗaya tana fuskantar bango. Duk abin da take bukata matarsa Mardiyya take gaya wa, idan kuma dole ta ambace shi sai ta ce "mai gidan nan."

Sana'arsa albasa ce. Ya fara da dakon buhu a kasuwar Aliero yana ɗan shekara goma sha biyar, ya koma saye wa wasu, daga baya ya tsaya da ƙafarsa yana loda wa manyan motoci zuwa kudu. Abu ɗaya aka san shi da shi: ba ya sayen buhu sai an zazzage shi ƙasa. Kowa ya san manomi yakan jera manya masu sheƙi a bakin buhu ya bar ƙanana da masu laushin wuya a gindi, kuma yawancin masu saye sukan tura hannu har gwiwa su wadatu. Hamidu sai ya tsuguna a kan tarin, ya matsa wuyan kowace da babban yatsa, ya sansana wadda ya yi shakka. Har aka sa masa suna Juye-buhu. Manoma suna jin haushinsa, suna kuma kawo masa kaya, domin buhun da ya ɗinke ba a sake kwance shi a can kudu.

Kaltume tana da ƙanwa guda da ta rage mata a duniya, Delu, a Maiyama. Su bakwai aka haifa, biyar sun rasu. Tsakanin Jega da Maiyama ba nisa ba ne, mai mota ba ya cika awa ɗaya a hanya. Duk da haka shekara huɗu 'yan'uwan nan ba su haɗu ba. Delu idonta ya tafi, ko ƙofar gida ba ta zuwa sai an riƙe ta. Kaltume kuma sanyin ƙashi ya kumbura mata gwiwoyi, kuma a tafiyarta ta ƙarshe cikin motar tasha an cusa ta tsakanin baƙin maza biyu da kwandon kaji a kan ƙafa, ta yi kwana goma ba ta taka ƙasa ba. Ta ce ita da motar tasha har abada. Sai aike ya maye gurbin ziyara, wannan ta aika goro, waccan ta aiko daddawa.

A daminar 1993 Yusufu, ɗan Delu, ya zo Jega da labarin ƙafafun mahaifiyarsa sun kumbura, numfashinta yana sama-sama, kuma ta ce a gaya wa Yaya tana son ta ji muryarta. Da yammar ranar Kaltume tana tsintar shinkafa tare da Mardiyya, sai ta ce, ba tare da ɗaga kai ba, "Da mutum zai samu yadda zai je Maiyama…" Ba ta ƙarasa ba. Mardiyya ta ɗauki rabin maganar nan ta kai wa mijinta. A cikin shekara arba'in da shida, wannan ne abu na farko da mahaifiyarsa ta nema a wurinsa, ko da ta bakin wani.

Shekara biyu ke nan da aka yanke Jihar Kebbi, motoci sun fara yawaita a hanyar Birnin Kebbi, 'yan kasuwa irin Hamidu ma sun fara tsayawa suna kallon waɗanda ake shigowa da su daga Kwatano. Ya iya tuƙi, direbobin manyan motoci sun koya masa tun yana saurayi. Ya zauna ya yi tunani irin nasa, mataki-mataki. Shatar mota ba ta yi ba, domin a wurin Inna motar baƙo motar tasha ce. Ƙaramar mota ma ba ta yi ba, domin kujerunta layi biyu ne, Inna za ta zauna daidai bayansa, gwiwarta na taɓa kujerarsa, idonta na haɗuwa da nasa a madubi. Ko dai ta ƙi shiga, ko ta shiga ta yi tafiyar a takure. Abin da ya dace shi ne mai kujeru layi uku: shi a gaba, Mardiyya da yara a tsakiya, Inna can baya, layi guda cur tsakaninsa da ita a madadin labule. Kuma ta kasance mai tsawo, saboda lungun gidan Delu taɓo ne da damina. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin wannan tunani. Ya auna kunyar mahaifiyarsa daidai, kamu da kamu.

Bayan mako uku wani dillali mai suna Atiku ya kawo wata jif ruwan toka, 'yar Kwatano, mai layi uku. Hamidu ya ce a kai ta garejin Ɗantsoho. Ɗantsoho makanike ne, kuma taubashinsa ne, ɗan wan Kaltume, don haka babu ranar da suka haɗu ba su taɓa juna da baki ba.

"Taubashi, mota ta fa, ba buhun albasa ba," in ji Ɗantsoho da ya ga Hamidu ya naɗe hannun riga. "In munka zazzage ta ƙasa, kai za ka mayar?"

"Kai dai shiga ƙarƙashi. Don haka anka haife ka."

"Awo. Ni don ƙarƙashin mota, kai don warin albasa. Baiwar Allah Mardiyya, shekara ashirin tana toshe hanci."

"Ta fi taka, da ke wankin baƙin mai har hannunta ya koma na maƙeri."

Kwana goma sha tara aka yi ana binciken motar nan. Hamidu ya ce ba zai yarda da tashin inji ba sai na sanyin safiya, ya zo bayan sallar asuba ya ɗora tafin hannu a kan murfin injin don ya tabbata Atiku bai riga ya ɗumama shi ba. Aka tayar, ya kara farin ƙyalle a bakin salansa ya duba abin da ya fito. Ɗantsoho ya zaro baƙin mai ya murza tsakanin yatsu, ya buɗe lagireto ya duba ruwan, ya kwanta a ƙasa da tocila yana neman inda aka taɓa yin walda. Ya bi jikin motar da maganaɗisu daga gaba har baya, domin ba ya kama inda aka yi ciko aka rufe da fenti. A ƙofar baya ya saki. Atiku ya rantse bai san da shi ba, Ɗantsoho ya ce ƙwarzane ne kawai, bai kai ƙashi ba. Hamidu ya sa aka kankare wurin har ya ga ƙarfen da idonsa.

Suka loda mata buhunan albasa daga Aliero zuwa Jega don su ga yadda bayanta ke zama. Wata rana suka cika ta da mutum bakwai daga cikin ƙartin kasuwa, suka shiga yashin hanyar Katanga don gwada giyar da ke jan ƙafa huɗu. Suka taka birki a kwalta, suka taka a tsakuwa. Hamidu ya sa aka kwara mata bokiti shida na ruwa a rufi, ya shiga yana shafa gefen gilashi ko zai ji damshi.

"Alhaji," in ji Atiku a rana ta goma, yana sharce gumi, "ko amarya ba a yi mata wanga bincike."

"Amarya in an tambaye ta tana magana. Wagga ba ta yi."

Ita kanta kujera ta ukun bai yi sakaci da ita ba. Ya shiga ya zauna a kanta, ya sa Ɗantsoho ya tuƙa shi har Alelu da dawowa don ya ji yadda ramuka ke bugun wanda ke baya. Ya ga rana tana dukan wurin ta gilashin gefe, ya ce a ɗinka labule. Ya ji kujerar ta yi tauri, ya aika wa mai katifa ya yanko soso. Ya gwada ko iska tana isa can, ya gwada ko ƙafa tana miƙewa. Duk abin da zai sami tsohuwa bayan ta zauna ya bincika shi. Yadda za ta kai ga zaman ne bai duba ba. Don a isa kujerar nan sai an taka wani matakin ƙarfe da ke gefen motar, a sunkuya, a ɗaga ɗaya ƙafar zuwa ciki, a karkace a bi ta bayan kujerar tsakiya da aka kifa. Hamidu ya yi wannan ya fi sau ashirin, amma ya yi shi ne da jikin mutumin da ya tashi yana ɗaukar buhu, ya dafa ya haye bai ma san ya hau ba.

A rana ta goma sha biyar Ɗantsoho ya fito daga ƙarƙashin motar yana goge hannu, ya ce, "Inji lafiya lau. Giya lafiya. In ka ƙara sa ni kwanciya a nan sai ka biya sadakina. Abu guda ya rage. Mu kai ta ƙofar gida in fiddo Gwaggo ta hau mu gani. Ni ba ta kunyata, shekaranjiya ma ta ce mini ɗan banza."

Fuskar Hamidu ta canza. "In fiddo Inna waje, gaban dillali da 'yan kallo, ta gwada abin da ban saya ba? In ta hau ta ji daɗi ciniki ya ɓaci, in ce mata mi?"

"To dubi matakin nan. Ya kusa gwiwata."

"Kai gajere na. Don hawa anka yi shi."

Ɗantsoho ya yi dariya, ya bar maganar.

Idan aka auna amsar Hamidu za a ga akwai gaskiya a cikinta. Fito da tsohuwa gaban baƙi ba ƙaramin abu ba ne, kuma sa mata rai a kan abin da bai tabbata ba zai iya zama zalunci. Amma ga duk wanda ya so, mafita tana nan. Ana iya sallamar dillali a shigar da motar lungu. Ana iya cewa Mardiyya ta gwada tsohuwar da turmi ko dakali mai tsawon matakin. Ana iya barin Ɗantsoho ya yi abin da ya ce, shi Hamidu ya tafi kasuwa. Bai nemi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, domin ainihin abin da ya hana shi ba dillali ba ne. Zuciyarsa ce ta ƙi ta tsaya a kan hoton mahaifiyarsa tana ɗaga ƙafa, tana dafe-dafe, tana gazawa. Bai saba tunaninta a matsayin mai jiki ba. Murya ce a bayan labule, kuma murya ba ta da gwiwa.

Ana cikin haka Yusufu ya sake zuwa ya ce jikin ya ƙara tsanani. Hamidu ya kammala ciniki ranar Talata, aka ɗaura labule aka shimfiɗa soso ranar Laraba, ya ce wa Yusufu ya koma ya shaida wa Inna Delu suna tafe ranar Alhamis da hantsi. Ranar Laraba da yamma aka kira Ɗantsoho Birnin Kebbi gyaran wata babbar mota, ya tafi.

Ranar Alhamis gari ya waye da yayyafi. Da ya ɗauke, Hamidu ya kawo motar ƙofar gida ya tsayar da ita kusa da dakalin siminti. Aka saka tsaraba. Kaltume ta fito a hankali tana dogara sanda, sanye da zanen da ta daɗe tana ajiya, da farin mayafi, da takalmin roba. Motar ta kalla, ba shi ba.

"Wagga ita ta?" ta ce wa Mardiyya. "Ma sha Allah. Ta yi girma."

"Inna, ki zauna nan tsakiya, kusa da ƙofa. Ya fi sauƙi," in ji Mardiyya.

Tsohuwar ta dubi kujerar tsakiya, ta dubi ta direba da ke gabanta, ta ce, "Can baya dai."

Mardiyya ta kifa kujerar, ta shiga ciki don ta jawo ta da hannu biyu. Yara suna ɗaya gefen suna rigimar wanda zai zauna bakin gilashi. Babu wanda ya rage a bayan tsohuwar sai Hamidu, taku biyu tsakaninsu, ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba. Ta jingine sanda, ta miƙa wa Mardiyya hannuwa, ta ɗora ƙafar dama a kan matakin. Ta yi bisimilla ta ɗaga jikinta. A lokacin nan nauyinta duka ya koma kan gwiwa ɗaya, a kan ƙarfe mai damshi. Gwiwar ta lanƙwashe, takalmin ya zame, hannunta ya suɓuce daga na Mardiyya.

Hamidu ya gani. Hannuwansa sun tashi da kansu, suka kai kusa da bayanta, suka tsaya. Tsayawar ba ta wuce ƙiftawar ido ba. Ba shawara ya yanke ba, jikinsa ne ya yi abin da aka koya masa tun yana yaye. Kafin ya ture wannan ya kai hannu, ta riga ta wuce. Ƙugunta ya sauka a kan gefen dakalin, aka ji ƙara kamar an taka busasshen kara.

Ba ta yi ihu ba. Abin da ta fara yi shi ne jawo mayafi ta rufe ƙafafunta.

Matan maƙwabta suka fito suka ɗauke ta cikin bargo, suka kwantar da ita a kujerar tsakiyar da ta ƙi, Mardiyya ta tallafe kanta. Maimakon kudu zuwa Maiyama, motar ta nufi Aliero, garin masu ɗori. Ko sau ɗaya tsohuwar ba ta yi nishi ba a hanya. Da ya saci kallo a madubi sai ya ga ta cusa gefen mayafin a baki tana cije shi.

Mai ɗorin dattijo ne, ya gaji sana'ar daga kakanni. Ya shafa wurin a hankali, ya daɗe yana shafawa, sa'an nan ya fito ya sami Hamidu a zaure.

"Ƙashin ƙugu na. Na tsoho ba ya jin magana kamar na yaro. Za mu yi abin da Allah Ya hore muna, amma kwana arba'in ba ta motsawa daga nan." Sai ya ƙara da cewa, "Da za ta hau, ba kowa bayanta?"

"Ina nan," in ji Hamidu.

Dattijon ya dube shi, ya tambaye shi ko shi ne babban ɗanta. Ya ce shi ne. Dattijon ya kaɗa kai.

A rana ta tara bayan faɗuwar Kaltume, Delu ta rasu. Hamidu da Ɗantsoho suka tafi Maiyama su biyu a cikin motar mutum bakwai, ta ratsa taɓon lungun ko tangarɗa ba ta yi ba. Bayan an dawo daga maƙabarta Yusufu ya zauna kusa da Hamidu yana ba shi labari, ba don ya zarge shi ba, don dai mai makoki yakan so ya faɗi abin da ya gani. Ya ce ranar Alhamis ɗin nan Delu ta sa aka yi mata wanka tun da safe, aka shafa mata turare, aka zaunar da ita a zaure. Duk injin da ya yi ƙara a bakin titi sai ta ce a tashi a duba. Ta hana a taɓa furar da aka dama. Haka ta zauna har la'asar, lokacin da ɗan aike ya iso daga Jega. Ta ce a mayar da ita ɗaki, daga ranar ba ta sake tambayar kowa ba.

A hanyar dawowa sun kusa Jega kafin Ɗantsoho ya buɗe baki. "Da ban tafi Birnin Kebbi ba…"

"Ka faɗa mini," in ji Hamidu. "Ka faɗa, na ce kai gajere na."

Bai tsaya a Jega ba, ya sauke Ɗantsoho ya wuce Aliero. Ya ƙi yarda wani ya kai labarin. Ya isa ɗakin da aka kwantar da mahaifiyarsa, ya tsuguna a bakin ƙofa kamar kullum, sai kuma ya tashi ya ɗaga labulen ya shiga, ya durƙusa a gefen tabarma.

"Inna, Allah Ya yi wa Inna Delu rasuwa. Mun kai ta ɗazu."

Ta yi salati, ta juya fuska ga bango. Kafaɗunta suna motsi amma babu sauti. Daga bisani ta ce wa Mardiyya, "Ki tambaye shi, kusa da Baba anka sa ta?"

"Kusa da shi, Inna. Kabari biyu tsakaninsu," in ji Hamidu.

Sa'an nan ta ce, har yanzu ga Mardiyya, "Ki ce mishi motar tana da kyau. Ƙafata ta."

Da ta zarge shi, da ya sami abin da zai nemi gafara a kansa. Ta rufe wannan ƙofar, kuma ta rufe ta ne don tausayinsa.

Bai dace a ɗora wa kunya laifin wannan al'amari ba, ko da yake wasu a Firchin sun yi haka. Kunyar nan ta zauna a gidan shekara da shekaru ba ta cuci kowa ba, domin waɗanda suka kafa ta sun kafa ta tare da mafitarta: suruka tana nan, taubashi yana nan, jika yana nan, duk don a sami bakin da zai tambayi abin da ɗa ba zai iya tambaya ba, da hannun da zai riƙe inda ɗa ba zai iya riƙewa ba. Haka kuma bai dace a zarge shi da tsayawar hannunsa ba, domin ba a sauya tarbiyyar shekara arba'in da shida a cikin ƙiftawar ido. Kuskuren ya riga ya auku tun a gareji, ranar da aka miƙa masa tambayar da ta fi kowace muhimmanci ya mayar da ita wasa, saboda ita kaɗai ce ba a amsa ta da maganaɗisu ko farin ƙyalle.

Ƙashin bai haɗu yadda ake so ba. Bayan kwana hamsin aka dawo da Kaltume ɗakinta a Jega, ba ta sake tsayuwa da ƙafarta ba. Da rani ya shigo Hamidu ya aika Mardiyya ta gaya mata za a iya cire kujerar tsakiya a shimfiɗa katifa a kai ta Maiyama a kwance, ta ga dangi. Amsar da ta dawo gajeriya ce: "In ga wa?" Ta yi wata goma sha uku a kwance, ta rasu da kaka a shekarar 1994.

Bayan rasuwarta aka ga wani sauyi a wurinsa da ya ba mutane mamaki. Yana da ɗan fari, Lukman, saurayi ɗan shekara ashirin da ɗaya, wanda shi ma bai taɓa kiran sunansa ba. Wata rana a gaban mutane a rumfar kasuwa ya ce, "Lukman, taho ka zauna nan." Saurayin ya daskare, ya dubi ƙasa, ya zo ya tsuguna nesa da tabarmar, da ya sami sarari ya sulale. Hamidu ya sake gwadawa sau uku ko huɗu, har yaron ya fara kauce wa rumfar. Mardiyya ta roƙe shi ya bari, ta ce yana kunyata yaron a cikin abokansa. Ya bari.

Motar ta yi shekara guda a ƙofar gida yana tayar da ita kowace safiya ba ya zuwa ko'ina da ita. Daga baya ya ce wa Ɗantsoho ya nemi mai so. Wani direban tasha ya saye ta, ta yi shekaru tana jigilar fasinja tsakanin Jega da Koko ba ta ba shi wahala ba. Hamidu ya ci gaba da zuwa Aliero a motar haya har daminar 1998, lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi. Kwana shida ya yi. Ya rasu yana da shekara hamsin da ɗaya, aka binne shi a maƙabartar Jega, kuma tun ranar jana'izar Delu bai sake taka Maiyama ba.